Saƙon da Kawu Idi bai aika ba

Ku da kuka zauna da shi a Ƙonni kun sani, Kawu Idi bai taɓa aiken kowa ba. Ko ashana ce ta ƙare a gidan, shi zai naɗe ƙafar wando ya hau baƙin kekensa ya je ya sayo. Idan wani ya ce, "Kawu, kawo in kai maka," sai ya dube shi sheƙeƙe ya ce, "Ni ka zuwa." Wato shi zai je da kansa. Har sunan ya bi shi, masu lambu ba sa ce masa komai sai Ni-ka-zuwa. Waya kuwa yana da ita, amma in ka kira shi, abin da za ka ji kawai shi ne, "Kana ina? Tsaya nan," sai ya kashe. Can an jima ka hango shi yana taka keke cikin rana, ya zo jin abin da ka kira ka faɗa masa.

Ni Rabi ce, 'yar ƙanwarsa, mai shagon buga takardu da fotokofi a kusa da tasha. Ni na ja masa wannan rigima, kuma ban yi nadama ba. Lokacin da masu lambun albasa suka zaɓe shi shugaban koperatif ɗinsu, wato ƙungiyarsu ta gama kai, mutanen wani proje mai tallafa wa manoma suka ce dole sai yana da imel. Na buɗe masa a kwamfutar shagona. Ya tambaye ni amfanin abin, na ce aika saƙo. Ya ce to in rufe, shi ba ya aike. Da ƙyar na lallashe shi da cewa karɓa kawai zai riƙa yi.

Wata safiya na buɗe akwatin nasa, sai na tarar da shi cike da sanarwa iri ɗaya: saƙonka bai isa ba, ba a sami mai wannan adireshi ba, an maido maka. Na karanta masa ina dariya. Shi bai yi dariya ba.

"Saƙon wa anka maido?"

"Naka, Kawu."

"Ni? Ni da ko ɗan akuya ban taɓa aike ba?"

Na yi masa bayani iyakar sanina. Wasu ɓata-gari ne a wata duniya suke aron sunan mutum su liƙa a kan saƙonninsu na banza, tallan agogo da maganin ƙarfi da sauransu. Wanda bai sami mai shi ba, sai na'ura ta maido wa mai sunan. Na ce ba sai sun shiga akwatinsa ba, amma duk da haka zan canza lambar sirri. Sauran magani shi ne a goge, kada a amsa, kada a danna komai, da kansa zai lafa. Ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya kawo nasa bayanin, wanda ya fi nawa daɗin ji.

"Ɗiyata, ba kowa ba ne. Ni na, cikin barcin rana."

Kun san barcinsa na bayan azahar a gindin bedin ƙofar gida, bishiyar da wasu ke ce wa dogon yaro, hula a kan fuska, keke jingine da bango. Ya ce ya daɗe yana zargin kansa, don yakan farka da gajiya kamar wanda ya yi tafiya. Washegari ya sa aka ɗaure masa babban yatsan hannun dama da zare a jikin ƙafar gadon kara kafin ya kwanta. Da yamma ya zo shago da shatin zare a yatsa, muka buɗe akwati, sanarwa ta ma fi ta jiya yawa. Ya ɗaga hannunsa na hagu yana kallo.

"Ashe da wanga ma na iya," in ji shi. "Kuma hal da Turanci."

Daga nan hankalinsa ya koma kan mai maido da saƙon. Ya ce in karanta masa sunan da ke sama. Na haɗa baƙaƙen yadda na iya, na ce wani abu ne kamar Mela Damo, kuma ba mutum ba ne, na'ura ce.

"Malam Damo," ya gyara mini. "Sunan ya dace da shi. Mutum shi ɗauki saƙo shi kai hal bangon duniya, shi iske ba kowa, shi komo da shi bai buɗe ba, bai yas ba? Wanga ɗan halas na. An ba shi tukuici?"

Na ce ba a ba na'ura tukuici. Ya ce a gidanmu ba a taɓa sallamar ɗan aike hannu wofi ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Ya zaro goro fari daga aljihu ya ajiye a kan kwamfutar, ya ce in rubuta wa Malam Damo godiya, in ce goronsa na nan. Na tuna masa cewa wannan ai aike ne. Ya ce a'a, amsa ce, amsa daban aike daban. Na rubuta don a zauna lafiya, alhali ni na ce kada a amsa. Kafin ya gyara zama, godiyar ta dawo: ba a sami mai wannan adireshi ba. Kawu ya dafa ƙirji.

"Kin gani? Ko godiya ba shi karɓa. Irinsu sun ƙare."

Goron nan ya bushe a kan kwamfutata, bai yarda na taɓa shi ba.

Bayan haka kullum in ya tashi daga barci sai ya biyo ta shago, ya zauna a kan benci, ya ce in karanta masa sunayen waɗanda ba a samu ba. Sunaye ne na mutanen da ba mu san ƙasarsu ba, wasu ma ba sunaye ba ne, tarkacen baƙaƙe ne da lambobi. Shi kuwa sai ya lumshe ido ya ba kowa fuska. Wannan tsohuwa ce, ta tashi ta koma wurin ɗanta. Wannan matuƙin jirgin ruwa ne, ba ya kwana biyu a gari ɗaya. Ya ce yana ganin garin a barcinsa: tituna masu faɗi, farin rairayi, ƙofofi a tsaye ba gidaje a bayansu, ga Malam Damo da jakar fata yana bi ƙofa ƙofa yana sallama a hankali, ba mai amsawa. Injin fotokofi na gurnani, iskar fanka na ɗaga takardu, ni ma sai in tsinci kaina ina kallon garin nan a jikin bango. Sau da yawa sai mai son a buga masa takarda ya yi gyaran murya kafin in dawo.

Ranar da na yi suɓul da baka na ce waɗanda suka dawo ai su ne ba su isa ba, wasu kuwa sun isa, ranar barci ya ƙaurace masa. Ma'ajin koperatif ya tabbatar, ya ce shi ma ya ga Kawu yana yi masa tallan agogo. Da alama wata kwamfuta da ke da adireshin mutanenmu duka ce ta kamu da cuta, ɓarayin suka kwashe sunayen. Kawu ya ce in faɗa masa duk wanda na san yana ciki. Na ce bari in rubuta musu gaba ɗaya in ba su haƙuri. Kun san amsar da na samu.

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya a kan keke, har Dogarawa, har Bazaga, yana sallama yana cewa, "Ban aika ba." A Bazaga ya haɗa har da wani tsohon abokinsa mai amalanken jaki, wanda ko waya ba shi da ita. Mutumin ya ce shi bai ga komai ba. Kawu ya ce, "To in ya zo, ba ni na ba."

Gida ɗaya ne bai je ba, kuma duk mun san wanne. Ƙanensa, Kawu Mamman, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, yana zaune a Illela, tamu ta nan hanyar Tawa, ba ta ƙetaren iyaka ba. Lokacin da Inna Hassu, matar Kawu Idi, ta rasu, Kawu Mamman yana can wani gari mai nisa wurin tsaron jarrabawa, sai ya turo gaisuwa ta waya kafin ya samu zuwa. Kawu Idi bai yafe wannan ba. "Gaisuwar Hassu cikin waya?" Da ƙanen ya iso, ya ƙi ba shi hannu. Shekaru suka wuce ba sa magana. Kawu Idi ba ya aike, zuwa kuma ya gagare shi, shi Kawu Mamman yana tsoron a sake kunyata shi. Abin yana ci mana rai ƙwarai, mahaifiyata har kuka take yi in an yi sallah ba su gaisa ba.

Na ce masa, "Kawu, saura Illela."

"Tayar baya ba ta da lahiya," in ji shi, yana kallon titi.

Ana nan wata ranar Laraba, yana kan bencina ido a lumshe, sai ga Kawu Mamman a bakin ƙofa, ya sauko daga motar Illela, waya a hannu. Ya yi furfura fiye da yadda na san shi. Ya gaishe ni sama-sama, ya tsaya a gaban wansa.

"Yaya, na ga saƙonka."

Ya miƙo mini wayar don in gani. Irin saƙon nan ne da suke watsa wa dubban mutane da Faransanci: ɗan uwa, an daɗe ba a haɗu ba, kana raina kullum, danna nan ka ga hotunanmu. Mutumin da ya taka keke har Bazaga don ya ce bai aika ba, ga shi an kawo masa tambayar har inda yake zaune. Na ga bakinsa ya buɗe, na ga kalmar ta taho. Sai ya dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai ina gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"Ka danna wurin hotunan?" Kawu Idi ya tambayi ƙanensa.

"Ban danna ba. Na so in gan ka da idona."

"Madalla. Kak ka danna, ba su yi kyau ba."

Kawu Mamman ya yi murmushi, amma bai zauna ba. Malamin lakwal ne, ya san irin waɗannan saƙonni sarai, kuma na tabbata ya san wansa bai iya Faransancin kirki ba. Duk da haka ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, kai ka aiko shi?"

Kawu Idi ya matsa gefe, ya share ƙurar benci da tafin hannu.

"Ni na aika, Auta. Cikin barci. Can na hi hankali. Zamna."

Rabon da in ji ya kira shi Auta tun ina yarinya. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya ƙara tayar da maganar. Can Kawu Idi ya miƙa hannu ya ɗauko busasshen goron nan na kan kwamfuta, ya fasa shi da ƙyar, ya ba ƙanensa rabi. Ya ce Malam Damo ba zai ji haushi ba.

Sanarwar ta yi ta raguwa har ta ɗauke, kamar yadda na faɗa tun farko. Kawu bai ce na yi gaskiya ba. Cewa ya yi Malam Damo ya yi ritaya, kuma ya cancanta. Damina biyu suka ƙara yi tare da ƙanensa, yau wannan a Illela, gobe wancan a Ƙonni, suna musu a kan abin da ya faru tun suna kiwon awaki.

Ranar da Kawu Idi ya rasu, bayan azahar ne, a gindin bedin nan, hula a kan fuska. Bayan an kai shi, na ɗauko waya zan sanar da mutanen nesa da ba su ji ba. Kawu Mamman ya riƙe mini hannu. Ya je ya ɗauko baƙin keken daga jikin bango, ya naɗe ƙafar wando, tsoho da shi, gwiwa na ciwo.

"Aje wayag ga, Rabi," ya ce. "Ni ka zuwa."

Allah Ya jiƙan Kawu Idi, Ya sanyaya makwancinsa, Ya haɗa shi da Inna Hassu a gidan rahama. Abin da ya aika gaba na alheri, a farke da cikin barci, Allah Ya sa ya isa, kada a maido masa ko ɗaya. Amin.