Tambal

Ban yi karatun lakwal ba, amma na san azurfar Faransa. Ubana kuku ne a gidan wani Bafaranshe a Damagaram, can na fara ganin ƙananan kofunan nan marasa hannu da suke kira tambal. Na gaske yana da ɗan tambari kamar ƙwayar dawa, kan wata mace mai kwalkwali.

Da na zo Greensboro ina ɗaukar kwalaye a wani sito a Wendover, sai na gano idan tsohuwar Baturiya ta mutu a Summerfield, 'ya'yanta kan yi gwanjon kayanta ranar Asabar. Wasu na neman kujera, ni ina juya kofuna ina leƙen gindinsu. A 'yan shekaru na cika kabad. Hajiya, matata, ta ce wasu mazan na tara filaye a gida, nata yana tara moɗa.

Wata rana limaminmu ya zo gaisuwa. Don burga na zuba masa kunu a tambal.

"Alhaji, wannan azurfa ce?"

"Zalla, Malam! Ga ma tambarin matar nan."

Ya ajiye kofin kamar ya taɓa garwashi. Ya ce haramun ne ci ko sha a kwanon azurfa, a mazhabarmu ko ajiyewa ba a yarda ba.

"Ko kallo, Malam?"

"Ka kalla a shagon wani."

Hajiya kuwa kwali kawai ta kawo mini.

Na yi mako ina kewaye kwalin, kafin na kai wa wata mai shagon tsofaffin kaya. Ta sa madubi a ido tana dubawa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa kamar ana yi mini cirar haƙori. Ta karɓe duka ban da guda. Wai tagulla ce aka shafa wa ruwan azurfa, abin da na ɗauka kan mace kuwa tambarin maƙeri ne da ya goge. Ni gwanin, an yi mini sakiyar da ba ruwa.

Na kira Malam daga cikin mota. Da na gaya masa, ya ce mai ruwan azurfa kam, malamai sun yi saɓani.

A cikin saɓanin nan nake shan kununa har yau.