Tayar Baya ta Hagu

Badaru a Ƙofar Ruwa ya tashi, a rumfar kawunsa mai faci. A can ya koyi ɗora tafin hannu a kan taya ya ji abin da ke cikinta, kamar yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta ta gane zazzaɓi. A can kuma aka koya masa, da rankwashi, cewa ba a gyara wa maigida kuskure a gaban jama'a. Jira ake yi ya keɓe, a rusuna, a faɗa masa a hankali.

Yana da shekara talatin da huɗu ya zo Dubai, ya bar matarsa Ramlat da 'ya'ya uku a Kano. Shekara uku ya yi a wani gareji a unguwar Al Quoz, har ranar da wani dogon Bature ya kawo motarsa. Badaru ya shafa taya ɗaya, ya ce ta kumbura daga ciki. Aka cire aka duba, haka ne.

Baturen nan shi ne Anatoli, ɗan Rasha, direban tseren mota. Tun yana ɗan shekara tara yake tuƙi a kan ƙanƙarar garinsu. Ya ci kofuna biyu a Turai, sau ɗaya ma saura ƙiris ya shiga tseren manya da duniya ke kallo, aka ɗauki wani. Da ƙasarsu ta shiga yaƙi, ƙofofi suka yi ta rufewa a fuskarsa, ya tattaro ya dawo Dubai da mota ɗaya da ma'aikata shida. Badaru ya zama na bakwai, bizarsa a kan sunan ƙungiyar.

Ɗalhatu, ɗan kasuwar da suke ɗaki ɗaya a unguwar International City, ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Badaru na Rasha! Mota tana ta zagaya wuri ɗaya, ba fasinja, ba kaya. Wannan ma sana'a ce?"

"Kai da kwantenarka ta yi wata uku a teku, ina ta kai?"

Kafin tseren ƙarshe na shekara, wani attajirin ɗan kasuwar turare, wanda shi kaɗai ya rage yana ɗaukar nauyinsu, ya yi magana a fili: in Anatoli bai shigo cikin ukun farko ba, khalas, ya janye. Kowa ya san janyewarsa ita ce rufe ƙungiyar.

Ranar tseren, kwalta har wani ruwa-ruwa take yi saboda rana. Saura minti goma a tashi, Badaru ya bi tayoyin da hannu ɗaya bayan ɗaya. A ta baya ta hagu hannunsa ya tsaya. Wani ɗan tudu ne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, amma yana nan.

Ya ɗaga kai. Injiniyan ƙungiyar yana tsaye da kwamfutarsa, attajirin da baƙinsa sun kewaye shi, yana gaya musu komai daidai yake. Badaru ya buɗe baki, ya dubi baƙin da fararen rigunansu, ya rufe. Bari dai ya keɓe. Ya bi bayansa taku uku, wani baƙo ya tare injiniyan da tambaya. Ya sake matsawa, aka kira su ɗaukar hoto. Sai aka busa ƙaho.

"Yalla, yalla! Maza!" in ji ma'aikatan.

Aka sauke motar, ta fita da ruri.

A zagaye na goma ne ya sami injiniyan shi kaɗai, ya rusuna ya faɗa masa. Mutumin ya dubi allonsa, ya dube shi.

"Iska daidai, zafi daidai. Anatoli ne na biyu yanzu. In na kira shi ya shigo, mun rasa wurin. Me ya hana ka magana ɗazu, habibi?"

Badaru ya koma ya tsaya jikin katanga. Duk sanda motar ta wuce, jar walƙiya ce kawai da ƙara, shi kuwa tayar nan ɗaya yake bi da ido, leɓɓansa na motsi da addu'a. Zagaye na ashirin. Na ashirin da biyar. Har ya fara cewa ko hannunsa ne ya yi masa ƙarya.

A na ashirin da bakwai ta fashe. Motar ta yi wawan juyi, Anatoli ya riƙe ta da ƙyar, ya jawo ta tana ɗingishi aka canza tayar. Na tara ya zo.

Da la'asar Badaru ya same shi zaune shi kaɗai, gashi ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya tsuguna ya gaya masa komai.

"Ka ji tun kafin in fita?"

"Na ji, yallaɓai."

"To?"

"Akwai baƙi a wurin."

Anatoli ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji.

"A garinmu da ihu za ka yi, har ka zagi kakana, in gode maka." Ya shafa fuska. "Shekarata arba'in da ɗaya, Badaru. Ba wanda zai sake ba ni mota."

Bayan mako biyu aka rufe ƙungiyar, aka sayar da motar. Anatoli yana koya wa 'ya'yan masu hali tuƙi a wani ƙaramin fili, ya kuma kira duk wanda ya sani don nema wa Badaru aiki, ba a dace ba. An soke bizar, aka ba shi kwana talatin ya sami wani aikin ko ya fita.

Kullum da safe yakan hau bas zuwa Al Quoz, ya bi gareji-gareji, kowa ya ce ya dawo gobe, inshallah. Ɗalhatu ya daina tsokanar, shayi kawai yake ajiye masa. Jiya Ramlat ta kira tana tambayar ko Baturen nasa ya ci kofin, ya ce mata layin ba kyau, zai kira.

Saura kwana goma sha ɗaya.