Bangon da Ke Bayan Kwat-kwat

Jawo kujera kusa, ku ji labarin Goggo Radka, matar da ta shekara talatin da ɗaya tana karɓar kwat a Gidan Ɗalibai na jami'armu, can bakin kogin Danube. Ban taɓa ganin haƙorinta ba. Ka miƙa kwat, ta wurgo maka lambar tagulla. In ka ɓatar da lambar, sai ka zauna har kowa ya karɓi tasa, wadda ta rage ita ce taka. Dokar ke nan, ko kai ɗan uban wane ne.

Ginin biyu ne aka liƙa. Gaban, mai ginshiƙan dutse, attajiran alkama suka gina a 1934. Bayan yaƙin duniya gwamnati ta ƙwace ta ba ɗalibai. Ɓangaren baya kuwa, kankaren nan mai kama da akwati, ɗalibai suka yi shi da aikin gayya a 1968. Radka na cikinsu, tana ɗaukar yashi, kafin talauci ya raba ta da karatu. Ɗakin kwat yana wannan ɓangaren.

Sai aka kawo wani mai zanen gini daga babban birni Sofia, Lachezar Minkov, mai tabarau da ɗan gemu. Ya ce kankaren ƙari ne a jikin ginin, a rushe. Ya faɗa a gabanta, yana ƙwanƙwasa kantarta da biro. Daga ranar ta daina kiran sunansa, sai "mai gemun akuya". Shi kuma ya riƙa gaya wa mutane cewa tsohuwar da kankaren rana ɗaya ya kamata a kwashe su. Ya sa aka kashe na'urar ɗumama ɗakinta. Ita kuma kullum kusa da tagar da ta fashe take rataye masa kwat.

Ranar da hukumar adana tsofaffin gine-gine ta zo yanke hukunci, dusar ƙanƙara ake zubawa. An yi taron da hantsi, zauren ya cika. Da aka tashi, Lachezar ya lalube aljihu, babu lamba.

"Goggo, ga ta can, mai ruwan toka. Kin san tawa ce."

"Ban san ka ba, ɗan nan. Lamba na sani."

"Yau ne ƙarshen mulkinki, tsohuwar banza."

"To zauna ka ga ƙarshen."

Shugabar hukumar, Malama Zlatanova, a motar Lachezar ta zo, don haka dole ita ma ta zauna a benci. Radka ta bi layin a hankali, kamar da gangan, kwat ɗari uku da wani abu. Kowace ta sauka, wani yanki na bangon da ke bayan maratayan ya fito. Ashe sunaye ne cike da shi daga ƙasa har sama, waɗanda 'yan gayyar suka zana da ƙusa tun simintin yana ɗanye, kowane da garinsu, wasu har da shatin tafin hannu. Mu duka mun shekara muna miƙa kwat a gabansa, ba wanda ya taɓa ganinsa tsirara, domin kafin layi ya ƙare mun watse, wanda ya ɓatar da lamba kuwa kwat ɗinsa kawai yake hange.

Malama Zlatanova ta tashi ta shiga bayan kantar, abin da ba a taɓa bari wani ya yi ba. Ta daɗe tana karantawa. Ta tambayi Lachezar me ya sa babu bangon a rahotonsa. Ya ce bai taɓa shiga ba, ai matar ba ta bari. Radka ta ce shi ma bai taɓa tambaya ba, sannan ta ɗora masa kwat ɗinsa a kan kantar, ta jiƙe sharkaf.

Hukumar ta hana rushewa. Amma Lachezar ne aka ba aikin gyara. Ya cire maratayan gaba ɗaya, wai suna ɓata tarihi, ya sa wa bangon gilashi da fitilu, ya jera akwatunan ƙarfe masu makulli na ajiye kwat a bakin ƙofa. Aka sallami Radka da furanni da takardar yabo. Furannin a kwandon shara ta bar su.

Yanzu duk Talata tana zuwa ta tsaya gaban gilashin da kwat ɗinta a jiki. Sunanta na layi na huɗu daga ƙasa. In sun haɗu da Lachezar a matakala, ba mai kauce wa wani.

To ku gaya mini, tsakanin su biyun, wa ya ci wani?