Telesiyas, Mai Tukunyar Yoyo

Ranar da na fara sanin Telesiyas, da man zaitun na yi wanka a tsakiyar kasuwar Atina. Matata ta aike ni sayen mai, na manta tulu a gida. Da na biyo ta unguwar magina sai na hangi wata tukunya a gindin katanga, sabuwa fil, ba kowa kusa. Na ce bari in ara, in na dawo na sanar da mai ita. Aka cika min, na rungume ta a ƙirji, na tsaya ina yi wa wasu mutum uku bayanin yadda ya kamata a gyara jiragen yaƙinmu. Ina cikin magana na ji abu yana bin cinyata. Ban kula ba, don na kai wuri mai daɗi. Sai da karnuka biyu suka fara lasar min ƙafa na duba, na tarar tukunyar wayam, rigata kuwa ko a matse ta a soya kifi.

Na koma da faɗa. Na sami wani gajeren mutum mai faɗin kafaɗa yana murza yumɓu.

Na ce, “Kai wane irin magini ne? Tukunyarka yoyo take yi.”

Ya dube ta, ya dube ni. “Aikinta ke nan.”

“Aikinta ta zubar min da mai?”

“Ka gama maganarka kafin ta ƙare?”

Na ce a'a.

“To, lafiyarta lau,” ya ce, ya ci gaba da murza.

Ashe tukunyar kotu na sata. Irin wadda ake cikawa da ruwa a gaban mai ba da bahasi, a zare toshiyar ɗan bututun da ke gindinta, ruwa na ƙarewa bakinka ya ƙare, ko da kana tsakiyar sunan ubanka. Telesiyas ke gina su. Shekara talatin yana huda tukwane don a rufe wa mutanen Atina baki.

Ubansa matuƙi ne a jirgin yaƙi, ya tafi teku bai dawo ba. Uwarsa ta raine shi da dakon yumɓu, daga bakin rafi zuwa unguwar magina, a kai. Sauran magina suna zana alloli da jarumai a jikin tuluna, a kwashe a kai ƙasashen waje, shi kuwa ko layi ɗaya ba ya ja. Gwanintarsa a kunne take. Ya cika tukunya, ya rufe ido, daga ƙarar ruwan ya san ko hudar ta yi faɗi. Wadda ta yi sauri sai ya fasa ta. Ya ce ba zai zama sanadin a rage wa wani numfashi ba.

Da na koma zama kusa da gidansa muka zama abokai, wato ni ina magana shi yana aiki. Masu gemun nan da ke yini a rumfar kasuwa suna gardamar ko ruwa ne asalin duniya ko iska sukan ce bayan shekara dubu za a riƙa kwaikwayon ginshiƙanmu da wasanninmu da yadda muke jefa ƙuri'a. Ni dai ina yi wa mutanen wancan zamani fatan kar su gaji surutunmu ba tare da tukunyar ba.

Ana nan sai shekarar tantancewa ta zo, aka ce kowace unguwa ta duba jerin 'yan gari ta fitar da bare. Wani magini mai suna Habiron, wanda ya daɗe yana hararar filin Telesiyas don ya faɗaɗa wurin gasa tukwanensa, ya tashi ya ce uwar Telesiyas 'yar ƙasar Tirakiya ce, ba 'yar Atina ba. Unguwa ta ɗaga hannu, aka goge sunansa. Hanya biyu ta rage masa. Ko ya yarda shi baƙo ne, ya rasa gida da fili, ko ya ɗaukaka ƙara gaban alƙalai ɗari biyar da ɗaya. In ya faɗi a can, bawa za a sayar da shi.

Na ce, “Maƙwabci, ka yarda kawai. Baƙo ma yana cin gurasa.”

Ya ce, “In na yarda, na ce uwata ta yi ƙarya ke nan.”

Matsalar ita ce a kotunmu ba a yi wa mutum magana, da kansa zai tashi ya yi. Abin da aka yarda kawai shi ne ya sam wa aboki ragowar ruwansa. Na ce ya bar min. Kwana tara ina shirya jawabi. Na sa yaƙin Farisawa a ciki, na sa marayu, na sa wurin da zan yi kuka da wurin da zan share hawaye da gefen riga. Muka gwada da tukunya a tsakar gidansa. Sau uku ruwa yana ƙarewa ina kan kakan kakansa.

“Kudiyas,” ya ce min, “ni yaushe za a haife ni?”

“Ka yi haƙuri, ana ginin magana ne daga tushe.”

“Tushen ya sha tukunya uku.”

Ranar shari'a Habiron ya fara. Ya yi kwalliya, ya shafa turare. Ya ce 'yar Atina ta gaske ba ta dako a kai kamar baiwa. Alƙalai ba su motsa ba, don rabinsu iyayensu mata sun sayar da albasa. Sai ya fito da babbar hujjarsa.

“Ya ku mutanen Atina, wa ya taɓa jin muryar mutumin nan a majalisa? Wa ya taɓa ganin ya katse wa wani magana? Shekararsa hamsin, bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Ko ɗan'uwa, ko suruki. Ku gaya min, wannan jininmu ne?”

Nan fa kotu ta ɗauki guna-guni. Na ga tsofaffi suna gyaɗa kai. Wani a bayana ya ce, “Ko suruki? Kai, da wuya.” Gaskiya ni ma na taɓa yin wannan tunanin.

Aka cika wa Telesiyas tukunya, aka zare toshiya. Ya miƙe. Ya tsaya yana sauraron ruwan, har na fara yi masa alama da gira.

“Sunan uwata Filtera,” ya ce. “Kabarinta na bakin hanyar Elusis, kusa da na ubanta. Ga ƙanenta nan. A toshe ruwa.”

Aka toshe, kamar yadda ake yi in za a ji shaida. Aka karanta rantsuwar kawunsa, wani tsoho kurma da ya yi ta gyaɗa kai tun kafin a fara. Aka sake zare toshiya.

“Dakon yumɓu ta yi, gaskiya ne. Mijinta na ƙarƙashin teku saboda ku. Habiron ya ce ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Wannan ma gaskiya ne, aiki ya yi min yawa. In kun sake ni yau, gobe da shi zan fara. Bayansa akwai mutum goma sha ɗaya a unguwarmu, na riƙe sunayensu.”

Dariya ta ɓarke. Wani tsoho mara haƙori a layin gaba ya buga sanda a ƙasa ya ce wa na kusa da shi, “Ka ji ɗanmu. Ajiye su yake yi.”

Na gyara riga, na gyara murya, na sa ƙafa ɗaya a kan matakala. Tukunya ko rabi ba ta yi ba. Telesiyas ya juya wajen mai kula da ruwa ya ce, “Zubar da sauran.”

A gabana aka tuntsurar da ita. Ina kallo yaƙin Farisawa da marayuna suka bi ta kwata.

Aka jefa tsakuwoyin ƙuri'a, aka zazzage a kan allo. Nasa tulin ya fi, ba da yawa sosai ba, amma ya fi. Aka ce a mayar da sunansa. Bai yi murna ba, bai rungumi kowa ba. Ya kama hannun kawunsa ya yi masa ihu a kunne cewa an gama, suka kama hanya. Na bi su har ƙofar gari ina huci.

“Kwana tara, Telesiyas. Kwana tara na yi ina haɗa maka jawabin da jikoki za su haddace, ka sa aka zubar a ƙasa. Da ka bar ni na buɗe baki, da ba a sami ƙuri'a ɗaya a kanka ba.”

Ya tsaya, ya dube ni daga sama har ƙasa.

“Da ka buɗe baki, da mu biyu za a kai kasuwa,” ya ce. “Ni in sami mai saye, kai a ba da kai gyara.”