Kwaikwayon da Na Yi a Gaban Uwarsa

Gaisuwa ga masu wannan mujalla da masu karanta ta. Lokacin yaƙin Barma ni saurayi ne a Salaga, ɗan gidan fataken goro, amma ko ƙwaya ɗaya ta fatauci ban gada ba. Abin da Allah Ya ba ni shi ne kwaikwayo. In mutum ya ratsa kasuwar doya sau ɗaya a gabana, to tafiyarsa da tarinsa sun zama nawa. Babana ya yi faɗa har ya gaji ya sallama ni. Sana'ar tamu kuwa ƙa'idarta ɗaya ce: ba ruwanmu da abin da ke daidai a jikin mutum, sai mun lalubo inda ya karkace, ɗingishi ko in'ina, don a nan dariya take.

Da motar majigi ta zo garinmu, aka ɗauke ni in riƙa yi wa jama'a bayani, tunda hotunan ba sa jin Hausa. Fina-finan ban dariya ne na iyali, maigida mai tumbi ya faɗa kwatami, matarsa ta bi shi da tsintsiya, yara na leƙe ta ƙarƙashin gado. Ni kuma in sa musu muryoyin mutanen gari, kaka da jika a tabarma ɗaya suna dariya har da hawaye. A Yendi wani Baturen soja ya gan ni, ya ce irina ake nema. Haka na tsinci kaina cikin jirgin ruwa tare da sojoji, kowa da bindigarsa, ni da bakina.

Ba zan gajiyar da ku da labarin dajin can ba, ruwan sama ne da zazzaɓi da yunwa. In aka samu sarari sai su zagaye ni, kowa ya ce in yi shi. Cikinsu akwai wani dogon yaro ɗan Bawku da muka shaƙu. Tun ranar da bam ya faɗi kusa da raminsa ya zama wani daban. Hannunsa na dama ya kama rawa, muryarsa ta koma raɗa, yana tafiya a kan yatsun ƙafa, ko cokali ya faɗi sai ya cusa wuya cikin kafaɗu. Ni kuwa na ga abinci ya zo, na kwashe duka. Sojoji su yi ta dariya har da faɗuwa, shi ma yana ciki, ya fi kowa ma. Yakan ce in sake, wai in ya ga abin a jikina sai ya ji ya ɗan yi masa sauƙi. Zazzaɓi ya kashe shi kafin jirgin dawowa, bayan ya roƙe ni in kai wa uwarsa gaisuwa.

Da aka sallame mu na nufi Bawku. Uwar tsohuwa ce mai sayar da hatsi, ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta sa aka yanka mini zabuwa. Kafin la'asar labari ya zaga zongo, unguwar Hausawan garin, cewa mai kwaikwayon majigi ya sauka, tsakar gida ta cika. Bayan an yi addu'a ta dube ni ta kira ni ɗanta, ta ce an gaya mata ina iya kawo mutum sukutum, don Allah in bari ta ƙara ganin tafiyarsa ko sau ɗaya. Da ina da hankali da na nemi uzuri. Amma jikina ya riga ya saba, na miƙe na yi abin da na yi ta yi a daji. Na sa hannu rawa, na ɗage dugadugai, na yi sallama da raɗa. Wata yarinya ta saki kwano, na cusa wuya cikin kafaɗu daidai yadda yake yi, na tsaya ina jiran dariya.

Ba wanda ya yi dariya. Tsohuwar ta tambayi ƙanen mijinta da ke zaune kusa da ita wane ne wannan nake yi. Ni na amsa da bakina na ce ai ɗanta ne. Ta girgiza kai ta ce a'a, nata ɗan shi ne mai kama bijimi ta ƙaho a kara, kasuwar shanu, in ya yi dariya har masallaci ana ji. An ce mata zazzaɓi ne ya ɗauke shi da ƙarfinsa, ba wanda ya ce mata sai da aka karya shi tukuna. Sannan ta roƙe ni in yi mata na farkon, wanda ya bar gida. Na tsaya na lalubi kaina, wallahi babu. Na zauna da shi watanni yana lafiyayye, amma lafiyayye ba shi da abin kamawa, ban adana komai nasa ba.

Na koma majigi don ba ni da wata sana'a, ina sa mutane dariya ina jin kamar dako nake yi. Da motarmu ta sake biyawa ta Bawku na je gaishe ta. Ba ta kore ni ba, har ruwa ta ba ni. Ta ce ta yafe, sai dai duk lokacin da ta so tuna ɗanta, ni take gani ina rawar hannu a tsakar gidanta.

Yanzu na tsufa, na gaji, kuma abin bai bar ni ba. Na gane cewa dariyar da mutane ke yi wa ciwon da suka sha tare magani ce a tsakaninsu kawai, in aka kai ta gida sai ta zama wuƙa. Ku masu baiwar baki, ina gargaɗinku, kada idonku ya tsaya kan inda mutum ya karkace, ku riƙa adana lafiyarsa ma, wata rana ita za a tambaye ku. Matar nan ɗa ɗaya ya rage mata, na cikin zuciyarta, yaƙi bai iya taɓa shi ba sai da na je.