Ranar da Inna ta shiga motar surukinta

Akwai wata tafiya daga Batsari zuwa Safana da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ko da tsufa ya kwashe sauran.

Mijin yayata bakanike ne a Safana. Wata shekara ya jawo wata tsohuwar motar tsere daga Katsina, ja, gajera kamar ta durƙusa, kujerunta biyu kacal. Injinta ya mutu, kayan gyaransa kuma babu su a kasuwa. Ina hutun makaranta a gidansu lokacin da ya rataya sarƙa a reshen dalbejiya, ya zaro mataccen injin, ya zura na wata tsohuwar a-kori-kura. Injin ya fi ramin girma, sai da ya yanke tsakiyar murfin kafin ya rufu. Salansa mai rage ƙarar injin kuwa ta ƙi zama sam. Ranar da ya tayar da ita, awakin unguwa sai da suka tsinke igiya. Na ce masa ya sa wa amarya muryar gardi, ya ce in ban yi shiru ba, ita za ta kai ni gidan miji.

Da damina ta yi nisa, wata rana bayan la'asar, muka ji rugugin nan ya tsaya a ƙofar gidanmu a Batsari. Yaya ce ke naƙuda a asibiti tun safe, haihuwar fari, tana ta kiran Inna. Motocin haya sun daina fita, don a lokacin ba mai son magariba ta riske shi a hanya, gwiwar Inna kuma ba ta barinta hawa babur.

Mijin Yaya ya durƙusa a zaure, kansa a ƙasa, yana ba ni saƙo ina kaiwa. Inna ba ta taɓa zama wuri ɗaya da surukinta ba. Yaya ma, da yake 'yar fari ce, ban taɓa jin sunanta a bakin Inna ba, "waccan" take ce mata. Ta leƙa ta ga kujerun nan biyu manne da juna, ta janye kai.

"Ki ce masa ya koma. Gobe na bi motar kasuwa."

Amma na ga ta riga ta ɗaure ƙunshinta. Na matsa kusa na ce, "Inna, a cikin motar nan ko wa'azi ya yi ba za ki ji ba. Kuma ni zan shiga tsakaninku."

Sai ta jawo mayafi.

Bayan kujerun akwai ɗan lungu na ajiye jaka. Nan na naɗe kamar tabarma, kaina tsakanin kafaɗunsu. Injin ya ɗauki ruri, zafinsa na dukan ƙafafu, gero da dawa na wucewa kore shar, hadari na taruwa a gabas. Inna ta juya fuska waje. Kunnena na dab da bakinta, sai na ji tana magana. Da fari addu'a ce. Can sai ta kira sunan Yaya, da cikakkiyar murya, ta sake kira.

"Yi haƙuri 'yata, ga ni nan tafe."

Ta saci kallon mai tuƙin ta ƙara da cewa, "Kai kuma Allah ya yi maka albarka, ɗan kirki, kai da wannan fitinanniyar motar taka."

Shi bai ji komai ba, ramuka kawai yake kauce wa. Ni kuwa na cusa fuska a ƙunshin Inna, ina dariya ina hawaye.

Mun isa da sauran haske. Yana kashe injin, Inna ta maido fuskarta ta kullum, ta fita ba ta dube shi ba. Yaya ta riƙe hannunta gam, kafin isha'i aka sami 'ya mace. Abin da Inna ta ce kawai shi ne madalla, ta tambaya ko an ɗora ruwan zafi. Da safe ta aike ni in ce masa ya gyara motarsa, ta cika ihu.

Tun daga ranar na daina auna ƙaunar mutum da abin da yake furtawa. Wasu zuciyarsu cike take, wurin da ba za a ji su ba kawai suke jira.