Gicciyen Nea Anghel a Hanyar Kekuna

Nea Anghel Pârvu (Nea a wajenmu kamar a ce baba ne), na hawa na biyu a benenmu, bai taɓa hawa keke ba tun da aka haife shi. Ya ce keke na wanda bai yi haƙurin jiran mota ba ne.

Shi kam ya yi haƙuri. Shekara talatin da huɗu yana yankan fata a kamfanin takalma, bakwai daga ciki jiran mota ya yi su. A zamanin gwamnatin da, sai ka rubuta suna ka koma gida ka tsufa. Shuɗiya ya nema, aka ba shi ruwan ƙasa, ya yi godiya har da ƙwalla. Ta kai shi bakin teku sau biyu, ta kai amaren unguwa coci, sannan wata Laraba ta yi tari a ƙofar benenmu ta ƙi tashi. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Tayoyi sun manne da kwalta. Amma kullum da safe zai sauko da tsumma ya goge gilashi, ya zauna kujerar direba yana karanta jarida, gwiwar hannu a kan taga kamar mai jiran danja ta ba shi hannu. Kujerar baya kuwa gangar kabejin matarsa, Tanti Aglaia, ce ke zaune, an ɗaura mata bel.

Sai bara magajin gari ya je taro a ƙasar waje, ya dawo ya ce mu ma keke za mu hau. Aka liƙa takarda a ƙofar bene: za a ja koren fenti a gefen titinmu, hanyar kekuna, duk motar da ta kai Litinin a wurin janwe zai ɗauke ta.

"Ka bar su su ɗauka," in ji Tanti Aglaia. "Ka huta, na huta. Ganga dai a dawo min da ita."

"Ke mata, shekara bakwai na jira ta. Ke wata uku na jira."

"Shi ya sa ita ta mutu ta bar ka, ni ina nan."

Kamar duk tsohon da ya san ciwon kansa a wajenmu, Nea Anghel ya daɗe da sayen kabari da gicciyen ƙarfe. An rubuta sunansa da shekarar haihuwa, an manna hotonsa na samartaka, an bar gurbin shekarar mutuwa. A baranda yake ajiye, Tanti na shanya safa a kai. Kowa kuma ya san gicciyen bakin titi, inda wani ya rasu, ba mai taɓa shi ko da babbar hanya ake yi. Ranar Lahadi bayan coci ya sauko da shi, ya kafa a jikin motar, ya rataya furen roba ya rufe gurbin shekarar mutuwa, ya kunna kyandir.

Litinin masu fenti suka iso. Shugabansu ya ga gicciye, ya cire hula, ya yi alama a goshi da ƙirji.

"Tsoho, wa ya rasu a nan?"

"Mutumin kirki," in ji Nea Anghel. "Na san shi sosai."

Suka ja fentinsu ya zagaye mota da gicciye, ya shiga tsakiyar titi inda bas ke wucewa, ya dawo. Direban janwe ya leƙo, ya ce shi yana da 'ya'ya, ya wuce. Mako guda Nea Anghel yana tafiya kamar ya ci zaɓe. Tsofaffin mata daga wasu unguwanni suka fara ajiye kyandir da dafaffiyar alkama ta sadakar mamaci. Shi yake cinye alkamar, har yana cewa ta waccan ba sukari.

Ranar buɗe hanya magajin gari ya zo a baƙar mota, aka sauke masa keke daga but ɗin motar, ya tuƙa tsawon taku ashirin saboda masu hoto. Fadan coci ya yayyafa wa kekunan haya ruwan albarka. Sai idon magajin gari ya faɗa kan gicciye. Ya cire hular kwano, ya karanta sunan.

"Ga dalilin wannan aiki. Anghel Pârvu, mahayin keke, wanda mota ta kashe a nan. Kuma dubi, motar da ta kashe shi har yau tana tsaye a kansa. Gobe za a ɗauke ta, a nan za mu kafa tashar kekuna da sunansa."

Aka tafa. Tanti Aglaia ta toshe baki da ɗankwali, kafaɗunta na girgiza don dariya, wani ɗan jarida ya ɗauke ta hoto a matsayin matar mamaci.

Nea Anghel ya kutsa gaba. "Ranka ya daɗe, ni ne Anghel Pârvu. Ina raye."

Magajin gari ya dubi hoton saurayi mai gashi, ya dubi sanƙon da ke gabansa. Ya dafa shi.

"Yana raye a zuciyar kowa, baba. Ɗan'uwansa ne kai?"

"Ni ne shi. Motar tawa ce."

"Taka ce?" Magajin gari ya janye hannu. "To ka yi shiru, tun ba a tambaye ka yadda aka yi ba."

Washegari janwe ya zo, wannan karon da ɗan sanda. Nea Anghel ya bi ofis biyar da katinsa a hannu. A na ƙarshe matar da ke zaune a taga ta ce ta yarda yana raye, amma an riga an buga allon tasha da sunansa, kuma allon daga kuɗin Turai ne, ba a canza shi sai bayan shekara biyar.

Yanzu kekuna takwas ne a wurin, biyu ba sirdi. Yana saukowa da kujerarsa ya zauna ƙarƙashin allon. Jiya wata 'yar jami'a ta tsaya ta karanta, ta tambaye shi ko marigayin ya iya keke sosai.

Ya ɗaga kai ya dubi allon. "Ba kamarsa a garin nan," ya ce. "Gyara tsayuwar keken nan, 'yata. Ba ya son karkatacce."